Houston Rockets: ƙungiyar da ta saba ɗora komai a kafaɗar mutum ɗaya

Duk sanda hira ta kai kan kofuna biyun da Houston Rockets ta ci a gasar ƙwallon kwando ta NBA a 1994 da 1995, ba a rasa wanda zai ce ai don Michael Jordan, tauraron Chicago Bulls da ya ajiye wasan na wani lokaci, ba ya nan ne. Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin tana shafe aikin da ya ɗauki shekara goma ana ginawa. Amma ba za a iya amsa ta da kyau ba sai an koma tun farko, an ga irin halin wannan ƙungiya. Tun 1967 dabararta kusan ɗaya ce: ta nemo gwarzo guda, ta ɗora masa komai, sauran su kewaye shi. Ta yi haka da Elvin Hayes, da Moses Malone, da Ralph Sampson, da Yao Ming, da James Harden. A hannun mutum ɗaya kawai dabarar ta kai ga kofi, wato Hakeem Olajuwon, kuma akwai dalili.

Ba a Houston aka haife ta ba. A San Diego ta fara, a jihar California, inda Robert Breitbard ya biya dala miliyan 1.75 ya sayi gurbi a gasar. Kakar farko wasa 15 ta ci, aka doke ta a 67. A tsarin NBA, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ake fara ba damar zaɓen sabon ɗan wasa daga jami'o'i, don kada manya su riƙa haɗiye ƙanana. Haka Rockets ta samu Elvin Hayes a 1968, kuma a shekararsa ta farko ya fi kowa zuba maki a gasar baki ɗaya, 28.4 a kowane wasa. Duk da haka kuɗi ba ya shigowa. A 1971 wasu 'yan kasuwan Texas suka saye ta kan dala miliyan 5.6 suka kawo ta Houston, garin da Hayes ya yi jami'a, da fatan sunansa zai cika musu fili.

Bai cika ba. Texas ƙasar ƙwallon zari-ruga ce irin ta Amurkawa, kuma ƙungiyar ba ta ma da filin kanta. Yau tana wasa a wannan zaure, gobe a wancan, wani lokaci har San Antonio da Waco da El Paso take zuwa neman 'yan kallo. Hayes ya saɓa da kocinsa Tex Winter, aka sallame shi zuwa Baltimore a 1972. Da waccan ƙungiyar, bayan ta koma Washington, ya ɗauki kofi a 1978.

Wanda ya fara sa mutanen Houston suka ɗauki ƙungiyar da muhimmanci shi ne Moses Malone, wanda aka karɓo daga Buffalo a 1976, shekara guda bayan ta samu matsuguni a zauren The Summit. Malone bai shiga jami'a ba, daga sakandare ya wuce wasan neman kuɗi. Sana'arsa cafke ƙwallon da ta daki kwando ta dawo, ko tasa ce ko ta abokin wasa, ya sake turawa har sai ta faɗa. Ya zama gwarzon gasa a 1979 da 1982. A 1981 ya ja ƙungiyar da ta ci wasa 40 aka doke ta a 42 har zuwa zagayen ƙarshe, inda Boston Celtics ta Larry Bird ta yi nasara da wasa 4 da 2. A tsakanin waɗannan shekaru ne, a Disambar 1977, Kermit Washington na Lakers ya naushi ɗan wasan Rockets Rudy Tomjanovich a tsakiyar fili, naushin da ya farfasa masa ƙasusuwan fuska har ya kusa rasa ransa. A riƙe sunan Tomjanovich, zai dawo.

Sai kuma tarihi ya maimaita kansa. A 1982 Philadelphia ta yi wa Malone tayin dala miliyan 13.2 na shekara shida, Houston ta ga nauyin ya fi ƙarfinta ta bar shi ya tafi. Shekara na zagayowa ya ɗauki kofi da Philadelphia, ita kuwa Rockets ta ci wasa 14 kacal cikin 82.

Wannan faɗuwa ce ta zame mata alheri. A wancan zamanin kwabo ake jefawa tsakanin ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gabas da ta ƙarshe a yamma, wanda ya ci shi ke fara zaɓe. Houston ta ci a 1983 ta ɗauki Ralph Sampson mai tsawon mita 2.24. Ta sake ci a 1984, bayan ta ƙare kaka da rashin nasarori da mutane da yawa suka yi zargin da gangan ne, zargin da ya sa hukumar gasar ta sauya tsarin zuwa ƙuri'a a 1985. Ta ɗauki Olajuwon. Portland ta ɗauki Sam Bowie, Chicago ta ɗauki Jordan a matsayi na uku. Har yau ana yi wa Portland gori kan wannan rana, amma ba a cika jin wanda ke yi wa Houston ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna darajar wanda ta zaɓa.

An haifi Hakeem a Legas a 1963. Golan ƙwallon ƙafa ne kuma ɗan ƙwallon hannu, bai fara ƙwallon kwando ba sai yana kusan shekara 15. A wani bikin wasanni na makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato aka fara saka shi cikin tawagar makarantarsa, Muslim Teachers College, alhali a ɓangaren ƙwallon hannu yake. A 1980 ya isa Jami'ar Houston, kuma lokacin hutu yakan je zauren Fonde ya kara da Moses Malone, wanda ba ya raga masa ko kaɗan. Ƙafafun gola da horon Malone su ne tushen abin da duniya ta gani daga baya.

Da dogaye biyu a ƙarƙashin kwando, Rockets ta fitar da Lakers ta Magic Johnson da Kareem Abdul-Jabbar a 1986 da wasa 4 da 1. A wasa na biyar an kori Hakeem saboda faɗa, saura daƙiƙa ɗaya Sampson ya karɓi ƙwallo yana juyawa a sama ya cilla, ta yi tsalle a bakin kwando ta faɗa, aka tashi 114 da 112. Boston ta sake tare su a zagayen ƙarshe, amma kowa ya ɗauka gaba tasu ce. Cikin shekara biyu komai ya watse. Tun a Maris na 1986 an sallami John Lucas saboda miyagun ƙwayoyi, hukumar gasa ta dakatar da Mitchell Wiggins da Lewis Lloyd a Janairun 1987 kan hodar iblis, gwiwoyin Sampson suka gaza aka tura shi Golden State a ƙarshen shekarar. Hakeem ya rage shi kaɗai.

Shekarun da suka biyo baya su ne ba a cika magana a kansu ba, kuma a ganina su ne zuciyar labarin. Daga 1988 zuwa 1991 a zagayen farko na wasannin fitar da gwani ake fitar da su kowace shekara, a 1992 ko shiga ba su yi ba. A 1988 Hakeem ya riƙa zuba maki 37.5 a kowane wasa a karawarsu da Dallas, duk da haka aka fitar da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ma a lokacin yana da nasa laifin, mai saurin fushi ne, kuma bai yarda da abokan wasansa ba, ko mutum uku suka rufe shi sai ya nemi jefawa da kansa. A 1992 shugabannin ƙungiyar suka zarge shi da ƙaryar ciwon cinya don neman ƙarin kuɗi, shi kuma ya ce a sayar da shi. Da an bi al'adar gidan, da ya bi sawun Hayes da Malone. A cikin jirgi, a hanyar zuwa Japan don buɗe kakar 1992, ya zauna da mai ƙungiyar Charlie Thomas suka sasanta.

Abu biyu suka sauya a daidai wannan lokaci. Na farko a cikin Hakeem ne. Ya koma ga addininsa da gaske, ya riƙe salla da azumi, faɗace-faɗacen fili suka ragu, ya fara miƙa ƙwallo. Na biyu kuwa Tomjanovich ne, wanda ya zama koci a Fabrairun 1992 ya tsara wasan da ya dace da dokar zamanin. A lokacin doka ta hana tsaron yanki, dole kowane mai tsaro ya bi mutuminsa, in kuma zai je taya wani rufe Hakeem sai ya saki nasa gaba ɗaya. Sai Tomjanovich ya baza masu jifa daga nesa a bayan layin maki uku: Kenny Smith, Vernon Maxwell, Robert Horry, Mario Elie, Sam Cassell. A ba Hakeem ƙwallo kusa da kwando. In mutum ɗaya ke tsaronsa, ya yi masa rawar ƙafar nan tasa, ya nuna dama ya bi hagu, ya ci. In biyu suka zo, ya fitar da ita waje ga wanda aka saki. Abokan hamayya sun san abin da za a yi, sun kasa hanawa.

Kakar 1993 zuwa 1994 suka buɗe da nasara 15 a jere suka ƙare da 58. Ba a sami kofin cikin sauƙi ba. Phoenix ta doke su wasa biyu a gidansu, a na biyun ma suna gaba da maki 20 a zangon ƙarshe, har jaridar Houston Chronicle ta yi wa garin laƙabin masu karaya. Suka farfaɗo suka fitar da Phoenix a wasa na bakwai. Zagayen ƙarshe da New York Knicks kokawa ce zalla, cikin wasa bakwai babu wanda ya kai maki 100. A wasa na shida New York na buƙatar jifa ɗaya mai maki uku ta ɗauki kofi, John Starks ya tashi daga nesa, Hakeem ya baro ƙarƙashin kwando ya taɓa ƙwallon da yatsunsa ta gaza kaiwa. Ranar 22 ga Yuni suka ci wasa na bakwai 90 da 84. A wannan kaka ɗaya Hakeem ya zama gwarzon gasa, gwarzon masu tsaro, kuma gwarzon zagayen ƙarshe, alhali babu wani abokin wasansa da aka zaɓa cikin taurarin shekarar. Ya riƙa cin maki 26.9 a kan dogon Knicks Patrick Ewing, ya kuma danne Ewing ɗin zuwa 18.9.

Kofi na biyu shi ne amsar masu maganar Jordan. Jordan ya dawo a Maris na 1995, ya buga wasannin fitar da gwani, Orlando ta Shaquille O'Neal da Penny Hardaway ta fitar da Chicago. Gaskiya ne bai gama dawowa cikin jininsa ba bayan wata goma sha bakwai yana wani wasan daban, kuma ba wanda zai iya rantsuwa kan yadda karawar Houston da cikakkiyar Chicago za ta ƙare. Amma a kakar wasa ukun da Chicago ta ɗauki kofunanta na farko, ƙungiyoyin biyu sun haɗu sau shida, Houston ta ci biyar. Sannan a dubi hanyar da ta bi a 1995. Ta ƙare a matsayi na shida a yamma da nasara 47, bayan ta ba da Otis Thorpe ta karɓo Clyde Drexler, abokin Hakeem tun jami'a. Ta fitar da Utah mai nasara 60. Ta fitar da Phoenix mai 59 bayan an yi mata 3 da 1. Ta fitar da San Antonio mai 62, inda aka miƙa wa ɗan wasanta David Robinson kambun gwarzon gasa a gaban Hakeem, shi kuma ya amsa da maki 35.3 a kowane wasa. Sannan ta share Orlando mai 57 da wasa 4 da nema. A duk zagayen huɗu abokan karawarta ne ke da damar buga wasan raba gardama a gida. Babu wata ƙungiya da ta taɓa ɗaukar kofin daga matsayi na shida sai ita.

A watan Fabrairun wannan shekara, wanda ya zo daidai da Ramadan, Hakeem yana azumi yana wasa, kuma shi aka zaɓa gwarzon watan a gasar. Ga duk wanda ya san yadda maƙogwaro ke bushewa bayan azahar, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yara Musulmi da yawa a Amurka da Najeriya sun ɗaga kai saboda shi.

Daga nan ƙungiyar ta shiga sayen sunaye. Ta ba da Horry da Cassell ta karɓo Charles Barkley a 1996, John Stockton na Utah ya fitar da su da jifan ƙarshe a 1997. Scottie Pippen ya zo ya yi kaka ɗaya ya tafi. A 2001 aka tura Hakeem Toronto, ya yi ritaya da tarihin kaɗe ƙwallo 3,830, wanda har yau ba a kamo ba.

Yao Ming, wanda aka zaɓa na farko a 2002, labarinsa yana ba ni tausayi. Tsawonsa mita 2.29, hannunsa da laushi, jifan kyauta ma ya iya fiye da gajeru da yawa, ga ladabi. Ya mayar da Rockets ƙungiyar ƙasar Sin, har aka kai wasannin share fage Shanghai da Beijing a 2004. An haɗa shi da Tracy McGrady, amma da wuya ka same su duka biyu da lafiya a lokaci guda. A 2008 sun ci wasa 22 a jere, kuma goman ƙarshe ba Yao, Dikembe Mutombo na Kwango ne ya tsaya a gurbinsa yana da shekara 41. A 2009 suka tsallake zagayen farko karo na farko tun 1997, sai ƙashin ƙafar Yao ya tsage ana tsakiyar karawa da Lakers. Ya yi ritaya a 2011 yana da shekara 30. Ƙafar ɗan Adam ba ta jure ɗaukar irin wannan jiki wata goma sha biyu a shekara, ga gasar NBA ga kuma kiran tawagar ƙasarsa duk lokacin hutu.

Daryl Morey, wanda ya karɓi ragamar sayen 'yan wasa a 2007, masanin lissafi ne, bai taɓa buga gasar ba. Hujjarsa mai sauƙi ce. In ka yi jifa 100 masu maki biyu daga matsakaicin nisa ka ci 40, maki 80 ke nan. In ka ja baya kaɗan zuwa layin maki uku ka ci 35, maki 105 ke nan. Don haka a daina jifan tsakiya, ko dai a kutsa har bakin kwando ko a jefa daga nesa. Ya samu mutumin da ya dace a Oktoban 2012, lokacin da Oklahoma City ta ƙi biyan James Harden abin da yake nema. Da zuwan koci Mike D'Antoni a 2016 da Chris Paul a 2017, tsarin ya kai ƙololuwa: nasara 65 a kakar 2017 zuwa 2018, kuma karo na farko a tarihin gasar da wata ƙungiya ta yi jifan maki uku fiye da na maki biyu a kaka guda. A shekarar 2017 ɗin Tilman Fertitta ya sayi ƙungiyar kan dala biliyan 2.2 daga Leslie Alexander, wanda ya saye ta dala miliyan 85 a 1993.

In ka lura, tsarin Morey jikan tsarin Tomjanovich ne: mutum ɗaya ya ja masu tsaro, sauran su jira a waje. Sun kusa ƙwarai. A 2018 sun shiga gaban Golden State ta Stephen Curry da Kevin Durant da wasa 3 da 2, amma Paul ya ji rauni a cinya a minti na ƙarshe na wasa na biyar. A wasa na bakwai, a gidansu, suka yi jifa 27 a jere daga nesa babu wadda ta faɗa, suka ƙare da 7 cikin 44, aka doke su 101 da 92. Masu kare Morey suna cewa tsautsayi ne, kuma akwai gaskiya a ciki, da Paul na nan wataƙila da labarin ya bambanta. Amma lissafinsa na kaka ce mai wasa 82, inda daren sa'a ke rama daren rashinta. Wasa na bakwai dare ɗaya ne. A 1994 ma akwai dararen da hannun Maxwell da Smith ya yi sanyi, sai a mayar da ƙwallo hannun Hakeem taku biyu daga kwando, kuma ko da nasa jifan ya ƙi, yana can ɗaya gefen yana hana abokan gaba ci. Harden mai cin maki ne irin wanda ba a cika samu ba, 36.1 a kowane wasa a kakar da ta biyo baya, amma ba ya iya riƙe wasa ta hanyar tsaro. Abin da ya raba zamanin biyu ke nan.

Ƙarshen zamanin ya zo da sauri. A Oktoban 2019 Morey ya wallafa saƙon goyon bayan masu zanga-zangar Hong Kong a Twitter, hukumar ƙwallon kwando ta Sin, wadda Yao Ming da kansa ke shugabanta a lokacin, ta yanke hulɗa da ƙungiyar. A Fabrairun 2020 suka sayar da Clint Capela suka sa P.J. Tucker mai mita 1.96 a tsakiya, ƙungiyar Malone da Hakeem da Yao ta koma wasa ba dogo ko ɗaya. Lakers ta fitar da su cikin wasa biyar. D'Antoni da Morey suka tafi, Harden ya matsa sai da aka tura shi Brooklyn a Janairun 2021. Kaka uku suka biyo baya da nasara 17, da 20, da 22.

Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma shi kansa ya buga wa tawagar Najeriya, ya karɓi aikin koci a 2023 ya gina wani abu da ya saɓa wa al'adar gidan. Babu tauraro guda, sai matasa da aka zaɓo a shekarun wahala, Alperen Şengün ɗan Turkiyya, Amen Thompson, Jabari Smith, Jalen Green, tare da tsofaffin hannu irin su Fred VanVleet da Steven Adams, duk suna tsaro da ƙarfi suna kwashe ƙwallon da ta dawo daga kwando. Nasara 41 a kakar farko, 52 a ta biyu. Amma da Golden State ta fitar da su a wasa na bakwai a 2025, matsalar ta fito fili: idan wasa ya ƙulle a mintunan ƙarshe, babu wanda za a miƙa wa ƙwallo a ce ya nemo maki da kansa. A bazarar wannan shekara suka ba da Green da Dillon Brooks da damar zaɓe ta goma suka karɓo Kevin Durant daga Phoenix, yana dab da cika shekara 37. Na yarda da cinikin, saboda wannan karon ba su rushe gidan don su kawo shi ba, Şengün da Thompson da Smith duk suna nan, kuma tsaron ƙungiyar ba a wuyan Durant yake ba. Damuwata tana ga lafiya. Durant ya taɓa tsinka jijiyar dunduniya a 2019, kuma tun kafin a fara kakar, a watan Satumban 2025, VanVleet ya tsinka jijiyar gwiwa, shi ne kuwa mai rarraba ƙwallo ɗaya tilo da ke da gogewa a cikinsu.